Yadda Na Je Kwatano Sayen Motar Iya

Tun da na dawo daga Kwatano ban zauna a majalisarmu ta Ƙofar Kibo na sha iska ba. Wannan ya ce yaya hanya, kafin in kai Kaduna wancan ya katse ni da tambayar ko gaskiya ne mata na tuƙa babur a can. Ni kuwa ba na ba da labari daga tsakiya. Shekara talatin na yi ina riƙe da sito a aikin gwamnati, kayan da suka fara shiga su ke fara fita. Saboda haka na rubuta shi a jere. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, kuma kada a taɓa takardar da hannun goro.

Da farko, dalili. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, ƙanwa ɗaya ta rage mata a duniya, Inna Laraba, tana aure a wani ƙauye bayan Yawuri. Shekara bakwai ba su sa juna a ido ba. Inna Laraba tana jinyar mijinta, ba ta iya barinsa. Iya kuwa tun zuwan ƙarshe da na kai ta a motar haya, ta dawo ta kwanta mako biyu, ta ce ita da doguwar tafiya har abada. In an tambaye ta dalili sai ta ce ƙugu. Ba ni take gaya wa ba. Ni ne ɗan fari, Iya ba ta kiran sunana, ba ta yi mini doguwar magana. In tana da saƙo, maiɗakina Asabe take gaya wa, ta ce, "A gaya wa mai sito." Dukansu biyu sun tsufa, kuma saƙon Inna Laraba ya fara zuwa da kalmar yafiya a ciki. Na ga in ba a haɗa su bana ba, ba lalle a sake samun dama ba.

Da na yi ritaya, ni da ƙanena Sani, mai sayar da yadi, muka haɗa hannu za mu sayi bas ta gida. Na rubuta sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, Iya ta iya miƙewa a ciki. Na biyu, ta shiga lungunmu har ƙofar zaure. Na uku, a iya kwana a cikinta a gona lokacin kaka, mu huta da kafa bukka. Na huɗu, a sami kayan gyaranta a Zariya. Saboda sharaɗi na biyu na auna faɗin lungun da igiya, na ƙulla ta a inda ya fi matsewa, na sa a aljihu.

Sani ya ce, "Yaya, a ƙara na biyar. Kujera sha takwas. Ranar da ba a fita da Iya sai ta yi Zariya zuwa Kano."

Na ce, "Takardar ta cika."

Abokin tafiyata shi ne Malam Bulus, makanike a Wusasa, wanda muka yi elemantare tare. Ba ya yin komai a kan lokaci sai cin abinci, amma kunnensa na jin ciwon inji tun ba a buɗe shi ba.

Na biyu, hanya. Mun bar Zariya bayan sallar asuba, jadawalina a aljihun gaba: inda za a tsaya, da mintin da za a yi. Na nuna wa direba a tasha, ya duba, ya ce madalla, bai sake bi ta kansa ba. Bayan Tegina taya ta fashe. A gadar Jebba Bulus ya sayi bandar kifi ƙunshi guda, wai tsarabar iyali, ya ajiye ta a ƙarƙashin kujerata. Kafin Ilori ya ci rabi, warin sauran rabin kuma ya kama babbar rigata har Kwatano.

A Ibadan muka sauka gidan wani mai masaukin fataken goro. Aka kawo mana baƙin tuwo da wata koriyar miya mai yauƙi, kamar kuka amma ba kuka ba. Na yanko loma, miyar ta biyo ni har baki ba ta tsinke ba. Bulus ya ce sai an juya hannu. Na ce miyar da sai an koyi tuƙi kafin a sha ta ba miya ba ce, na nemi shayi.

A Legas kuwa bas ba ta tsayawa, rage gudu take yi, mai sauka ya yi tsalle. Da muka zo inda za mu sauka, Bulus ya dira kamar ɗan akuya. Ni na tsaya a bakin ƙofa na ce wa kwandasta sai mota ta tsaya cak. Ya yi magana da yarensu, mutane suka yi dariya, aka wuce da ni tasha biyu. Da ƙafa na dawo, na tarar da Bulus yana cin gasasshiyar ayaba.

Na uku, bakin iyaka. Ban taɓa ganin wuri mai tagogi da yawa da rashin layi irin wannan ba. Mata da daro a ka suna shiga ta nan suna fita ta can. Na ce ni dai zan yi abin da ya dace. Na sami wata taga, na tsaya a gabanta da fasfo da katin rigakafi a hannu. Wasu mutum uku suka gan ni a tsaye da natsuwa, suka jeru a bayana. Mun kusa awa guda kafin Bulus ya zo ya ce, "Mai Sito, wannan tagar ɗakin ajiyar tsintsiya ce." Mutanen bayana ba su yi mini godiya ba.

A ɗaya ɓangaren, wani jami'i mai tumbi ya zazzage aljihuna ya ga igiya da ƙulli. Faransanci yake yi, sai wani Bahaushe ɗan canji ya yi mana tafinta.

"Wai igiyar mece ce?"

"Faɗin lungunmu ne."

Aka fassara. Jami'in ya kira abokan aikinsa, ya zagaya igiyar a cikinsa, ya ce a gaya mini shi ba zai kawo mini ziyara ba. Suka yi ta dariya, ya buga hatimi. Ni ban yi dariya ba, na duba ƙullina ko ya goce. Bai goce ba.

Na huɗu, Kwatano. A unguwar Zongo muka sauka, gidan Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, dillalin motoci ne kuma mai masauki. Ɗaki ya ba mu mai tabarma biyu da fanka mai juyawa in ta ga dama. Ga amsar masu tambaya: gaskiya ne mata na tuƙa babur, har da goyo, har da kwandon kifi a gaba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ana saƙale shi a hammata ba leda ba takarda, ɓawonsa ya fasa mini dasashi. Man fetur a kwalabe ake sayar da shi bakin titi, na tambaya daga ina, aka ce daga wajenku. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da rana ta take sai a rufe ofis da kanti, kowa ya tafi ya kwanta sai wajen ƙarfe uku. A ranar aiki! Na gaya wa Alhaji Isufu a wajenmu takardar gargaɗi ake ba mai yin haka. Ya ce, "To Malam Lawal, ku da ba ku barcin rana, me ya kawo ku sayen mota wajen masu barci?"

Na biyar, zaɓen mota. Filin yana kusa da tashar jiragen ruwa, yashi ne shimfiɗe, motocin da Turawa suka gaji da su jere har inda ido ya tsaya.

Ta farko ƙirar Japan ce, kujera sha takwas, irin ta mafarkin Sani. Igiya ta yarda da ita. Bulus ya kwanta a ƙarƙashinta da sukuddireba, can sai na ga bakin sukuddireban ya ɓullo tsakanin ƙafafuna ta cikin daɓen motar. Ya ce gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ya cinye ta. Muka wuce.

Ta biyu ƙatuwa ce ƙirar Amurka, kujerunta kamar na falon gwamna. Na miƙa igiya, ta wuce ƙulli da taƙi guda. Mai ita ya ce a sare katangar lungun mana. Na ce katangar ta girmi kakansa.

Ta uku Alhaji Isufu ne ya kai mu, ya ce tun da kwanciya ake so, ga mai gado. Motar asibiti ce, har da fitilar kanta. Gaskiya na tsaya ina tunani, domin ta cika sharaɗi uku. Bulus ya ja ni gefe ya ce, "Ka shiga Ƙofar Kibo da wannan, kafin ka kashe inji an shimfiɗa tabarmin ta'aziyya a ƙofar gidanku." Na soke ta.

Sai rana ta biyu muka ga ta huɗu. Fara ce, ƙirar Jamus, da labule a kowace taga. Alhaji Isufu ya ce irin wadda Turawa ke tafiya daji da ita ce su kwana.

Na ce, "Noma suke yi a can?"

"A'a."

"Farauta?"

"A'a. Hutu. Mutum ya bar gidansa mai lantarki, ya je gindin itace ya kwana, sauro ya cije shi, ya dawo yana murna."

Na shiga. Akwai gado na sosai da katifa, wanda ake naɗewa ya koma kujera. Akwai tebur, da risho mai kai biyu, da ɗan wurin wanke kwano, da kabad-kabad kowanne da maƙulli. Wanda ya tsara motar nan ya san aikin sito. Bulus ya tayar da inji, ya karkata kai, ya ce lafiyarta ƙalau, kuma kayanta har a Sabon Gari akwai. Igiya ta yarda. Sharaɗi huɗu sun cika.

Sai na buɗe wata 'yar ƙofa a kusurwar baya. Ɗan ɗaki ne da bai fi mutum ɗaya ba, a ciki an ɗaure wani farin akwatin roba mai murfi. Na ɗaga murfin, na mayar.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Masai ne, Malam Lawal. Da tankinsa a ƙasa, da ruwa da magani. Ba ya wari. In an isa sai a zare a zubar."

Na auna da ƙafata. Daga rishon zuwa masan taku ɗaya da rabi. A gidanmu na gado, daga madafi zuwa bayi sai ka ratsa tsakar gida, ka wuce rijiya, ka bi bayan turken awaki. Haka muka tarar. A nan kuwa mutum na iya juya miya da hannun dama, na hagu na riƙe da wancan murfin. Kuma a motar da Iya za ta zauna da carbinta.

Na ce, "A cire."

Alhaji Isufu ya ce, "Wallahi saboda shi wasu ke sayen motar."

Na ce, "Wasu ba daga cikin ganuwar Zazzau suka zo ba. A cire, ko in fasa."

Bulus ya kwance kusoshi huɗu, ya fito da shi. Ya ce in ba na so shi yana so. Na ce ya sa a buhu, ya ɗaure a kan rufi, kada in sake ganinsa. Ɗan ɗakin kuwa na sa aka wanke shi sau uku, na ƙudura zai zama wurin rataye riguna.

Na shida, dawowa. Takardu sun ci kwana huɗu, rabin kowace rana ana barci. Bulus ne ya tuƙo. Abu ɗaya ya faru da ya cancanci rubutu. Bayan Mokwa muka tsaya da la'asar gindin wani mangwaro, na kunna risho don gwaji, na ɗora shayi. Kafin ruwa ya tafasa mutanen ƙauyen sun jeru a bakin ƙofa, layi miƙaƙƙe, irin wanda na nema a bakin iyaka ban samu ba. Sun ga farar mota da labule da mutum mai tabarau a ciki. Wani dattijo ya buɗe baki yana nuna mini haƙorinsa. Na ce ni ba likita ba ne. Bulus ya ce musu likitan na hutawa ne. Shayin da na dafa don mutum biyu, mutum tara suka sha.

Na bakwai, gida. Mota ta shiga lungu, yatsa huɗu ya rage ta kowane gefe. Sani ya leƙa ya ƙirga kujeru.

"Shida. Yaya, an aike ka sayen mota ka sayo ɗaki."

Aka fito da Iya. Ta shafa katifar, ta taɓa labulen, ta ce wa Asabe, "A gaya wa mai sito Allah ya sa albarka." Na ce a tambaye su ranar tafiya Yawuri. Asabe ta shiga ta fito, ta ce wai ƙugun ne.

Kwana uku ana haka. Na aika cewa gado ne, kwance za su tafi. Aka ce ƙugu. Na aika cewa za a ƙara matashi. Aka ce ƙugu. Sani ya fara tambayar Bulus nawa ake sa wa irin wannan motar benci.

A rana ta huɗu ina karyawa, ina ba Asabe labarin Kwatano a jere, na zo kan akwatin roba da yadda na sa aka cire. Na zaci za ta yaba. Sai ta ajiye ludayi.

"Malam, da ƙofarsa? Ana rufewa?"

"Da ƙofarsa har da sakata."

"Kuma ka cire."

"Na cire mana. Taku ɗaya da rabi daga risho!"

Sai ta ce, "Malam, zuwan da kuka yi Yawuri da Iya, sau nawa aka tsaya?"

Wannan ba sai na duba takarda ba. "Sau uku. Na faɗa tun a tasha kowa ya ji: Kaduna minti goma, Tegina salla da abinci, Kontagora minti goma. Kuma ba a ƙara ko ɗaya ba."

"To. Tsohuwa ce. Mota cike da maza, ɗanta na fari a gefenta da agogo a hannu. Da wane bakin za ta ce a tsaya, ta sauka ta tsuguna a bakin titi kuna kallo? Tun jajibirin tafiyar ta daina shan ruwa. Haka ta je, haka ta dawo, cikin zafin Yawuri. Shi ne kwanciyar mako biyun. Yanzu kuma ko awa guda ba ta iya riƙewa."

Na ce, "Shekara bakwai! Me ya hana a gaya mini?"

"Wa zai gaya maka? Ita? Ni kuwa ta rantsar da ni."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ma ban gaya maka komai ba. Tambaya nake yi, ina akwatin?"

Ban gama kokon ba. Na hau babur sai Wusasa. Na tarar Bulus ya ajiye akwatin a inuwar garejinsa, ya ɗora masa ɗan matashi, wani dattijo mai jiran gyara yana zaune a kai yana karanta jarida. Na yi sallama, na ja Bulus gefe, na ce abin nan nake so.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wane abu, Mai Sito?"

"Ka sani."

"Na cikin buhu? Wanda aka ce kada a sake gani? Ai ba na cikin ganuwa ba ne, mu na waje aka bar wa."

Na ce, "Bulus, na Iya ne."

Nan take Bulus ya koma inuwar. Ya ba dattijon haƙuri ya tashe shi, ya ɗauko kusoshin nan huɗu daga gwangwanin da ya adana su. Buhun ne ba a samu ba. Haka na ɗaure shi a bayan babur, fari fat, da rana tsaka. Na zagaya ta Ƙofar Gayan don kada in haɗu da idon sani, na haɗu da mutum shida. Waɗanda suka tambaya na ce musu kayan mota ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Bulus ya biyo ni ya ɗaure shi a mazauninsa. Na sa aka kafa katako tsakaninsa da risho, domin har yau ina nan a kan cewa taku ɗaya da rabi bai isa ba. Na kwashe rigunana. Da la'asar na bar gidan da gangan, Asabe ta kai Iya su biyu kawai. Da na dawo saƙo na jirana: a gaya wa mai sito Alhamis ta yi. Batun wanda zai riƙa zarewa ya zubar kuwa, ban tambayi kowa ba. Na sa shi a jadawali, aiki na huɗu, na rubuta sunana a gabansa.

Ranar Alhamis da sassafe, kafin ta taka motar, Iya ta sa aka dama mata fura cikin babban kwanon sha. A tsaye a ƙofar zaure ta shanye, ta ce a cika butoci biyu. Sani ne ya tuƙa, ina gefensa, mata na baya an ja labule. Na gaya masa idonsa a titi, kada ya dubi madubin ciki, ko ya ji motsin sakata bai ji ba. Bayan Tegina na ji Iya na tambayar Asabe ko da sauran shayi.

Mun isa ƙauyen rana na shirin faɗuwa. Inna Laraba ta fito da gudu irin na tsofaffi, mayafi na jan ƙasa, tana kuka tana kiran Yaya, Yaya. Na buɗe ƙofar motar, na matsa gefe don Iya ta sauko. Ba ta sauko ba. Ta miƙo hannu ta kama na ƙanwarta, ko gaisawa ba su yi ba, ta ce, "Laraba, bar kukan nan tukuna. Hawo ki ga wani abu."